Furen Okid da Sanyi: Abin da Gadina da Mai Sayar da Furanni Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya saba bin titunan Ikoyi, Lekki ko Ikeja ya san rumfunan furanni da ke jere a bakin hanya, kuma ya san akwai 'yan Arewa da yawa a cikin masu kula da su. Haka abin yake a Fatakwal da Ibadan. Ga kuma 'yan'uwanmu da ke aikin gadina ko gadi a gidajen masu hali, waɗanda ban ruwan shuke-shuke ya zama wani ɓangare na aikinsu ko da ba a faɗa musu ba ranar ɗaukar aiki.

Kwanakin baya wani gadina da ke aiki a wani gida a Lekki ya ba ni labarin abin da ya same shi. An kawo wa madam kyautar fure a tukunya, fari tas, mai tsada, irin wanda ake kira okid. Ta ɗora shi a kan tebur a falo, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wato AC. Ba a yi sati biyu ba tohon furen da bai buɗe ba ya fara yin rawaya yana zubewa, ganyen ya fito da tabo. Aka ce shi ne ba ya ba shi ruwa. Bawan Allah ya dage da ruwa safe da yamma, saiwar ta ruɓe, furen ya mutu. Ƙarshen wata aka zabtare masa albashi.

Gaskiyar magana, ba ƙishi ne ya fara kassara wannan fure ba. Sanyi ne. Mutum zai ce, wane sanyi kuma a Legas? To ai nan ne gizo ke saƙar, domin okid yana da wata alaƙa mai wuyar sha'ani da sanyi: wani sanyin yana kashe shi, wani kuma idan babu shi ba zai taɓa yin fure ba. Wanda ya gane bambancin ya tsira da jarinsa, ya tsira da aikinsa.

Mene ne okid, kuma daga ina ya fito?

Okid ba shuka ɗaya ba ce, dangi ne babba. Masana tsirrai sun ƙirga nau'i kusan 28,000 a daji, ban da dubban da manoma suka haɗa aure tsakaninsu suka fitar. Ana samun su a kowace nahiya in ban da Antatika. Hatta banila, ƙamshin nan da ake sakawa a kek da askirim, daga 'ya'yan wani okid ake samun ta, wanda asalinsa Meziko ne, kuma yau Madagaska ce ta fi kowa noma shi.

Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a tukunya ba a cikin ƙasa suke tsirowa a daji ba, a jikin bishiya suke maƙalewa. Amma kada a ɗauka kauci ne. Kauci yana tsotsar jikin bishiyar da ya hau, okid kuwa wurin zama kawai yake nema, abincinsa daga ruwan sama da raɓa da ruɓaɓɓen ganye yake samu. Shi ya sa ake dasa shi a ɓawon itace, gawayi ko ɓawon kwakwa, ba a cikin ƙasa ba. Saiwarsa a waje take, iska na kaɗa ta, don haka duk wani sauyin zafi ko sanyi yana kai mata nan take, ba kamar saiwar rogo da ƙasa ta rufe ba.

Mu ma muna da namu. A dazuzzukan kudancin Najeriya, musamman wajen Kuros Riba, akwai okid iri-iri na asali. Akwai kuma Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa, da ake samu a sassa da dama na Afirka. An sa masa sunan John Ansell, wani mai lambu Bature da ya tsinto shi a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, lokacin tafiyar Turawa zuwa kogin Neja a 1841.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kowane okid yana ɗauke da yanayin garinsu a jikinsa. Kuma ba ƙasar kawai ake dubawa ba, har da tsayin wurin. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Shi ya sa Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, take da sanyin da Lokoja ba ta da shi. Okid da ya fito daga kwarin dajin Filifin da wanda ya fito daga tsaunukan Kolombiya duk 'yan ƙasashe masu zafi ne a taswira, amma abincin wani gubar wani ne.

Rukuni huɗu, kowanne da iyakarsa

Masu noman okid suna raba su ne bisa ga sanyin dare da suke so a lokacin hunturu. Duk lambobin da za su biyo baya a ma'aunin Salshiyos ne, wanda muke amfani da shi a nan. Sunayen kuma na bar su yadda ake rubuta su a jikin 'yar takardar da ke zuwa da tukunyar, domin mutum ya iya dubawa ya gane wanne ne a hannunsa.

Na farko, masu son ɗumi. Su ne suka fi yawa a kasuwarmu. A cikinsu akwai Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye kamar harshen saniya da fure mai kama da malam-buɗe-littafi, wanda aka fi bayarwa kyauta. Akwai Vanda, da ake ratayewa saiwoyinsa na reto a iska. Akwai kuma Dendrobium irin na Tailan, mai fure shuɗi-ja ko fari, wanda masu ƙawata wurin biki suke yawan amfani da shi. Waɗannan suna son dare ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 21. Idan ya sauka ƙasa da 15 sun fara jin jiki, Dendrobium ɗin ma yakan zubar da ganye. Ƙasa da 10 kuwa ɓarna ce a fili.

Na biyu, 'yan tsaka-tsaki, irin su Cattleya mai babban fure mai ƙamshi, da Oncidium mai ƙananan furanni rawaya masu yawa. Su dare na digiri 13 zuwa 16 ya yi musu daidai, kuma sukan jure ya ɗan sauka ƙasa da haka na 'yan awoyi idan a bushe suke.

Na uku, masu son sanyi. Babbansu shi ne Cymbidium, mai dogon ganye kamar na gamba, wanda kakanninsa suka fito daga gindin tsaunukan Himalaya. Akwai Masdevallia na tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, da Dendrobium nobile. Dare na digiri 10 zuwa 13 suke so. Cymbidium yana iya jure digiri 5 ba tare da wata illa ba, sai dai tohon furensa ya fi ganyensa rauni. Su waɗannan matsalarsu a Legas ba sanyi ba ce, zafi ne.

Na huɗu, masu jure ƙanƙara. Bletilla striata na Sin da Japan, da Cypripedium na Turai da Arewacin Amurka, a cikin ƙasa suke tsirowa. Idan sanyi ya zo sai ganyensu ya bushe, saiwar ta kwanta barci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, bazara ta yi su sake tsirowa. Ba namu ba ne, na ambace su ne don kada wani ya karanta a intanet cewa okid yana jure ƙanƙara ya ɗauka har da wanda ke falon oga.

A lura Dendrobium ya fito sau biyu. Suna ɗaya, amma ɗaya sanyi na zubar masa da ganye, ɗayan kuma sai da sanyi yake fure. Saboda haka sunan farko kaɗai ba ya wadatarwa, a karanta har na biyu.

Tarkon da ke cikin lambobi

Da yawa daga cikin bayanan da ake samu a intanet ko a jikin takardar furen daga Amurka suke, su kuma da ma'aunin Farenhait suke aiki. Mutum zai ga an rubuta kada ya sauka ƙasa da 60, ya rikice, tunda ko Maiduguri a watan Afrilu ba ta kai 60 ba. To 60 a Farenhait kusan digiri 16 ne a namu. 50 shi ne 10, 68 shi ne 20, 77 shi ne 25, 32 kuma shi ne sifili, inda ruwa ke daskarewa. Lissafin kai mai sauƙi: cire 30 daga lambar, ka raba abin da ya rage gida biyu. Ba zai zo daidai cif ba, amma zai kusa.

Yadda sanyi yake yi wa okid illa

Illar sanyi iri biyu ce. Ta farko ita ce daskarewa, lokacin da aka kai sifili ko ƙasa. Ruwan da ke cikin ganye ya zama ƙanƙara, ya farfasa ƙwayoyin halittar ganyen daga ciki. Da ya narke sai ganyen ya yi laushi ya yi baƙi kamar alayyafon da aka dafa. Wannan ba ya faruwa a Kudu sai dai in an saka furen a firiza.

Ta biyu ita ce ta shafe mu, kuma ba ta buƙatar ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa saka ayaba a firiji ya ga yadda ɓawonta ke yin baƙi, alhali ba ta daskare ba. Dalili shi ne kowace ƙwayar halitta tana da wata 'yar fata mai maiƙo da ke riƙe ruwanta. A shuke-shuken ƙasashe masu zafi, wannan maiƙon yana sandarewa da ɗan sanyi kaɗan, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu. Da ya sandare sai fatar ta daina riƙe ruwa, ƙwayar ta yi yoyo ta mutu. A ganyen Phalaenopsis za ka ga wasu wurare sun lotsa, sun yi kamar an jiƙa su, daga baya su koma rawaya, sannan ruwan ƙasa.

Abin da ke rikita mutane shi ne alamar ba ta fitowa nan take. Takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Kafin tabon ya bayyana an manta da daren da aka bar furen a gaban AC, sai a ɗora laifin a kan mai ban ruwa.

Abubuwa uku ne ke ƙara tsananin illar. Na ɗaya, tsawon lokaci: awa ɗaya a digiri 12 ba daidai yake da dare goma a jere ba. Na biyu, jiƙa: okid da ke a jiƙe ya fi busasshe saurin lalacewa, domin da sanyi saiwa ba ta shan ruwa sosai, sai ya kwanta a tukunya ya jawo ruɓa. Na uku, sauyi na farat ɗaya: shukar da ta saba da sanyi sannu a hankali ta fi wadda aka ɗauko daga zafi aka jefa cikin sanyi juriya. Kuma sassan da suka fi rauni su ne toho, sabon ganye da kan saiwa mai kore. Tsohon ganye ya fi su ƙarfi.

Sanyin Kudu: AC, mota da ɗakin sanyi

A Legas, Fatakwal ko Warri, ko da hunturu ya kankama, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Wato ga okid mai son ɗumi, waje lafiya lau ne shekara gaba ɗaya, muddin yana inuwa. Haɗarin a cikin gida yake.

Yawancin ofisoshi da gidajen manya suna saita AC a kan 16 ko 18. Amma iskar da ke fitowa daga bakin na'urar ta fi lambar da ke kan rimot sanyi nesa ba kusa ba, kuma busasshiya ce. Furen da ke kan hanyar wannan iska yana shan sanyi da bushewa lokaci guda. Sai kuma a ɗauke wuta, ɗakin ya koma sama da digiri 30, a tayar da janareto ya sake yin sanyi. Wannan hawa da sauka shi ne babban abin da ke sa toho ya yi rawaya ya faɗi tun bai buɗe ba.

Maganin ba wuya. A matsar da tukunyar daga inda iskar ke bugawa kai tsaye. Ka tsaya a wurin da kake son ajiye ta na ɗan lokaci, in ka ji iska mai sanyi na taɓa fatarka, wurin bai yi ba. Kusa da taga mai haske, wadda rana ba ta dukanta da tsakar rana, ya fi. In ana iya shawo kan masu gida su bar AC a 22 zuwa 24, furen zai daɗe, kuɗin wuta ma zai ragu.

Kada a yi ban ruwa da ruwan firiji ko na na'urar ruwan sanyi ta ofis. Ruwan sanyi da ya zuba a kan ganye mai ɗumi yana haifar da irin lotsawar da muka faɗa. A yi da safe, da ruwan da ya kwana a ɗaki, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen Phalaenopsis, inda sabon ganye ke fitowa. In ya shiga, a tsane shi da tishu.

Akwai wani abu kuma da ake ɗauka sanyi ne alhali ba shi ba ne. Ayaba, mangwaro da tuffa idan suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke tsufar da fure da wuri. Hayaƙin janareto da na mota ma suna ɗauke da ita. Okid da aka ajiye kusa da kwandon 'ya'yan itace ko kusa da ɗakin janareto zai zubar da fure ko babu AC.

Ga masu aikin ƙawata wurin biki: furen wardi da ake shigowa da shi daga Kenya yana son ɗakin sanyi na digiri 2 zuwa 4. Okid na Tailan da aka yanko ba ya son haka. In aka haɗa su a ɗaki ɗaya, wardin zai fito garau, okid ɗin ya fito kamar an jiƙa takarda. Wurin da bai sauka ƙasa da digiri 12 ba ya fi masa.

Ɗaya ɓangaren: sanyin da ke sa fure

Yanzu ga tambayar da masu saye suka fi yi wa mai rumfa. Malam, furen nan da na saya bara ganye kawai yake yi, me ya sa ba ya sake fure? Wani har ya ce an sayar masa da na bogi.

Manomin Arewa ba zai yi mamaki ba. Mun san alkama ba ta yi sai da sanyi, shi ya sa ake shuka ta a Kadawa da Haɗeja daga wajen Nuwamba. Mun san mangwaro da hunturu yake fure. Phalaenopsis ma haka yake. Muddin zafi yana digiri 28 ko sama, ganye kawai zai riƙa yi. Sai ya samu makonni huɗu zuwa shida a ƙasa da digiri 25 sannan zangarniyar fure ke leƙowa daga gindin ganye. Daga nan kuma sai an jira wata uku zuwa huɗu kafin furen ya buɗe.

Da wannan sirrin manyan gonakin Taiwan da Holan suke aiki. Suna raino a ɗaki mai digiri 28 har shukar ta girma ta yi ƙarfi, sannan su mayar da ita ɗaki mai kusan digiri 20, duk su fitar da zangarniya lokaci guda, daidai da bikin da suke hari. A Taiwan, kafin na'urorin sanyaya gona su yawaita, manoma kan loda tukwanen a mota su hau da su kan tsauni su sha sanyi, sannan a sauko da su. Wato furen da ya iso Legas a buɗe, ya riga ya sha sanyinsa a can. Da ya gama, in bai samu wani ba, shiru kake ji.

Wani abin lura shi ne zafin rana ya fi na dare tasiri a wannan lamari. In dare ya yi sanyi amma rana ta wuni sama da 30, sau da yawa furen ba ya fitowa. A Legas lokutan da suka fi kusa da abin da yake so su ne Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke rufe rana, sai kuma tsakiyar hunturu. Wani lokaci hakan ya isa, wani lokaci bai isa ba. Wanda ke aiki a gida ko ofis mai tsayayyar wuta zai iya gwadawa: ɗaki mai digiri 20 zuwa 23 dare da rana, kusa da taga mai haske, nesa da bakin AC, na wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Amma sai shuka mai lafiya, mai ganye huɗu ko fiye da saiwa mai ƙarfi. Wadda ke fama da kanta, tilasta mata fure ƙarasa ta ne.

Ga mai rumfa da ba shi da wannan hali, shawara ita ce ya zuba jarinsa a irin da zafi ba ya hana su fure: Vanda da danginsa irin su Mokara, Dendrobium na Tailan, da Spathoglottis da ake dasawa a ƙasa. Singafo ta fi Legas kusa da tsakiyar duniya, ba ta san hunturu ba, amma furen ƙasarta tun 1981 wani Vanda ne da ake kira Miss Joaquim. Cymbidium irin na asali kuwa, in ka sayar da shi a Legas ka faɗa wa mai saye gaskiya: zai more furen da ke jiki, amma kada ya sa ran wani, domin shi sai dare ya riƙa sauka wajen digiri 10 zuwa 14 na makonni.

In za a kai shi gida Arewa

Disamba lokacin tafiya gida ne, kuma wasu kan ɗauki fure tsaraba, ko oga ya aike su da shi gidansa na Kaduna ko Kano. A nan ne sanyi na gaske ke shigowa. A Kano, daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 13, wasu ranakun ƙasa da 10. Jos ta fi haka. Ga iska busasshiya da ke fasa leɓe da ƙafa, alhali furen ya saba da laimar Legas.

A hanya, kada a ɗora shi a saman mota ko bayan tirela, domin iskar dare a guje tana daɗa sanyin tana busar da shi. A naɗe shi da jarida ninki biyu ko uku, a saka a kwali, a shiga da shi cikin mota, nesa da bakin AC. A bar shi ba ruwa kwana biyu kafin tafiya, ya tafi a bushe.

In an isa, Phalaenopsis, Vanda da Dendrobium na Tailan su kwana a ɗaki daga magariba har rana ta fito. Ban ruwa da hantsi kawai, don ya tsane kafin dare. A ajiye tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, don laima ta riƙa tasowa. A goge ƙurar hunturu daga ganye da ɗanyen tsumma. Kada kuma a kawo kaskon wuta kusa da shi don tausayi, zafin da hayaƙin duk illa ne.

Jos, Mambila da Obudu kuwa labari ne daban. Sanyin daren da ke wahalar da Phalaenopsis a waje shi ne abin da Cymbidium da Dendrobium nobile suke nema. Mai tunanin noman furanni a waɗannan wurare ya san yana da abin da Legas ba za ta samu ba sai da kuɗin dizal.

Ga 'yan'uwa da ke Ingila, Amurka ko Kanada kuma, lokacin sanyi kada a bar ganye ya jingina da gilashin taga da dare, kada a ɗora tukunyar a saman hita, kuma daga kanti zuwa mota a rufe furen, domin 'yan mintuna a iskar da ta kai sifili sun isa su zubar da toho. Wanda ke tunanin sako okid a jaka ya tsallaka iyaka da shi ya sani duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobi, ana neman takardu, kuma ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

In ɓarnar ta riga ta faru

Kada a yi gaggawar jefarwa. A mayar da shi wuri mai ɗumi da inuwa mai haske, ba cikin rana ba. A dakatar da taki, a rage ruwa, a jira sati ɗaya zuwa biyu a ga iyakar ɓarnar. Tabon da ya bushe ya tsaya wuri ɗaya a bar shi, ganyen yana ci gaba da aiki ko da ya yi muni. Wanda ya yi laushi yana yaɗuwa ko yana wari, a yanke shi da sabuwar reza, a ɗan shiga cikin lafiyayyen wuri, a barbaɗa garin kirfa ko garin gawayi a bakin yankan.

Sai a duba wurare biyu. A Phalaenopsis da Vanda, tsakiyar da sabon ganye ke fitowa: in tana da tauri kuma kore ce, akwai rai. A Cattleya, Oncidium da Dendrobium, kumburarren karan nan da ke ajiye ruwa: in bai yi laushi ba, zai iya fitar da sabon tsiro daga gindi ko da ganye duk ya zube. Saiwa mai lafiya tana da tauri, fara ce ko azurfa in ta bushe, kore in ta jiƙe. Wadda ta yi baƙi ta zama fanko a cire ta. Okid ba ya sauri, farfaɗowa kan ɗauki watanni.

Kayan aiki ɗaya da zai raba gardama shi ne ƙaramin ma'aunin zafi na batir, irin mai nuna mafi zafi da mafi sanyin da aka yi a wuni. A ajiye shi a gefen tukunyar, ba a jikin bango ba. Gadinan da zai iya nuna wa madam cewa teburin nan ya kwana a digiri 14 jiya ya fi wanda zai tsaya yana rantsuwa cewa ya ba da ruwa. Mai rumfa kuma, kafin ya miƙa tukunya ya karɓi kuɗi, ya yi wa mai saye tambaya ɗaya: a ina za ki ajiye shi, Hajiya, akwai AC a wurin?